Kantin da Ban Rushe Ba

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya jikin surukarmu, ta fara miƙewa da kanta? 'Yan biyu fa, sun fara barin mutanen gida su runtsa? Ki gaishe min da babban ɗanmu, ki ce masa ya riƙa taya ki ɗaukar yaran, ba a ofis kaɗai ake aiki ba. Mu nan lafiya ƙalau, sai dai gidan ya yi mana faɗi tun da kika tafi.

Kin ce in daina kawo miki doguwar magana ta waya, domin da na fara sai ɗaya daga cikin jariran ya tsala kuka, ɗayan ya karɓa. To ga ta a rubuce. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da guduma ba ya jin daɗin biro.

Maganar Kanti Mai Agogo ce. Kin san tun da aka rufe shi tantabaru ne kaɗai ke ciniki a ciki. Jikan wanda ya gina shi, wanda kantin yake hannunsa yanzu, ya yanke shawarar a kwantar da shi, ya ɗora dogon bene na ofisoshi a wurin, kuma ni ya ba aikin rusau ɗin. Ba sai na faɗa miki yadda na ji ba. Tun bara ba mu sami babban aiki ba, katafila tana ajiye har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, ma'aikatana kuwa kullum safiya suna zaune a bakin yadin da muke ajiye kayan aiki suna kallon fuskata. Da na ba su labari, Dogo direban katafila har rawa ya taka, da girmansa da iyalinsa.

Na shiga na duba ginin, yadda na saba kafin in taɓa kowane gini. Uwargida, mutanen wancan zamani sun iya aiki. Hawa huɗu ne, amma tsakiyarsa a buɗe take tun daga ƙasa har sama, sai rufin gilashi a can bisa kamar an kifa babban kwano. Ginshiƙan duk na ƙarfe ne, an yi musu adon ganye a wuya. Matakalar nan mai faɗi da take rabuwa biyu tana nan daram, madafinta na tagulla ya yi baƙi amma ko motsi ba ya yi. Tsohuwar lifta mai ƙofar raga ta maƙale a tsakanin hawa biyu, tantabara ta yi sheƙa a kanta. Ni dai ba kallon kyau ya kai ni ba. Ina duba inda zan fara sara ne, da inda zai faɗi in na sare shi.

Ranar Litinin muka je da kwanon rufi za mu kewaye wurin, sai muka tarar da takarda manne a ƙofa. Hukumar kula da gine-ginen tarihi ta ce kada wanda ya cire ko ƙusa, sai ta zauna ta duba ko za a sa kantin cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe. Na karanta har ƙasa. Kin san sa hannun wa na gani? Na Auta. Autarki, wadda na riƙa kaiwa makarantar koyon zanen gine-gine a gaban motar aiki. Dogo ma ya gane sunan, sai ya juya yana kallon titi kamar ya ga wani abu.

Na san a hukumar take aiki, ban manta ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne, da safiyar ranar ita ta haɗa min shayi, ta ga ina ɗaura takalmin aiki, ta san inda za ni, ta yi min a dawo lafiya. Da na dawo na tambaye ta, ta durƙusa ta ce aikinta ya hana ta faɗa wa kowa kafin a manna takarda, balle wanda yake da hannu a ciki. Ta ce ta rubuta rahotonta a kan kantin tun kafin a ba ni aikin, kuma da ta ji an ba ni ta sanar da shugabarta, aka ce ba ita za ta yanke hukunci ba, kwamiti ne. Na ce mata to madalla, yanzu sunana wanda yake da hannu a ciki, ba Baba ba. Na shige ɗaki na bar ta a durƙushe.

Ba na so ki kira ta ki yi mata faɗa, ba na kuma so ki kira ni ki yi min. Na faɗa miki ne don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ki sa mu a addu'a. Ki shafa min kan 'yan biyu.

Mijinki,
Mai Guduma

*

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Na ji daɗi da kika ce surukarmu ta fara zagaya tsakar gida. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya raya mana yaran.

Takardarki ta iso, na karanta na sake karantawa. Kin ce in tuna wurin wa Auta ta gado taurin kai. Na ji, ba sai kin ja layi a ƙarƙashinsa ba. Kin kuma ce in je zaman da hukumar za ta yi, in saurari yarinyar da kunnena kafin in yanke mata hukunci. Na je, kuma na gode da kika matsa min, ko da yake abin da ya biyo baya bai yi min daɗi ba.

Kafin zaman, gidan nan ba ya shiguwa. Tana ajiye min abinci a rufe, ni kuma in fita in ci a bakin titi don ta san fushi nake. Cikina ya ƙi yarda da wannan shiri. Daga baya sai na koma ina jira ta fita in cinye nata, in wanke kwanon in mayar inda yake don kada ta gane. Sai da na kwana biyu ina haka kafin na lura cewa wankakken kwano shi ne babban mai tona asiri. Ita kuwa sai ta ƙara yawan abincin.

An yi zaman a wani zaure na hukumar, ya cika maƙil. Na zauna a baya tare da Dogo da Tsoho, shugaban ma'aikatana. Da aka kira Auta ta tashi ta fara bayani. Uwargida, na zagaya kantin nan lungu-lungu, amma yarinyar nan ta faɗi abubuwan da ban gani ba. Ta ce ƙarfe ne ya ɗauki nauyin ginin, ba bango ba, shi ya sa aka iya yi masa manyan tagogin nan na bakin titi, kuma shi ne gini na farko da aka yi wa haka a garin. Ta ce an lanƙwasa kusurwar gaba ne don mai zuwa daga kowane titi ya hango ƙofa. Akwai ƙananan tagogi a ƙarƙashin rufin gilashin, in an buɗe su iska mai zafi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta ramukan da ke ƙasan bango, shi ya sa ake shan iska a ciki tun ba a san fanka ba. Ni da na ga ramukan nan na ɗauka na ɓeraye ne. Har tayil ɗin daɓen, ta ce kowane hawa da launinsa, don wanda bai iya karatu ba ya san inda yake. Ina zaune na rasa ko fushi nake ji ko alfahari.

Bayan ta, wata tsohuwa da ta sayar da yadi a kantin tun tana budurwa ta yi magana, da wani mai gyaran agogo. Sannan mai kanti ya tashi. Ba mugun mutum ba ne, kada ki ɗauke shi haka. Ya ce kowa yana son ginin amma shi kaɗai yake ɗauke da shi, in wani abu ya faɗo wa mai wucewa shi za a kama. Sai lauyansa ya karɓa ya ce ginin ya ruɓe, gyara ba zai yi masa amfani ba, kuma ga wanda ya duba shi ciki da waje, mutumin da ya tsufa a wannan sana'a. Ya nuna ni da hannu.

Ban san za a kira ni ba. Na miƙe tsaye. Mai kanti yana kallona, Dogo yana kallona, Auta kuwa ta sunkuyar da kai. Na san in na ce ya ruɓe, maganar ta kusa ƙarewa, mu koma bakin aikinmu. Shugaban kwamitin ya tambaye ni abin da na gani, sai na ji bakina yana cewa, “Ranka ya daɗe, rufin yana yoyo, kusurwar baya kuma ruwa ya ci ta. Amma ƙashin ginin lafiyarsa ƙalau. Da an bar ni da shi, sai ya gajiyar da ni kafin ya faɗi.”

Kada ki ɗauka na fito ina jin kaina jarumi. Mai kanti ya wuce ta gabana ko kallo ban samu ba. Dogo ya tafi bai yi min sallama ba, washegari ya kawo min makullin katafila ya ce ya sami aiki a wurin fasa dutse. Ban ga laifinsa ba, yana da bakunan da zai ciyar. Da yamma Auta ta zo ta durƙusa za ta yi min godiya, na ce mata ba dominta na yi ba, tambayata aka yi na ba da amsa. Gaskiya ce na faɗa, amma na faɗe ta da kaushin da bai kamata ba.

Yanzu dai muna jiran abin da kwamiti zai ce. Ki gaishe da kowa da kowa.

Naki,
Mai Guduma

*

Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da masu jego da maigidan. Wannan gajeriya ce, raina ba ya son dogon rubutu.

Kwamiti ya yanke. An sa Kanti Mai Agogo cikin gine-ginen tarihi, ba mai rushe shi, ba mai sauya masa fuska sai da izinin hukuma. Mutane suna ta murna, har wasu sun tare ni a hanya suna sa min albarka. Ina amsawa, amma albarkar ba ta tayar da katafila. Ma'aikatana suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ne ya ƙi tafiya, ya ce shi ya tsufa da neman sabon ubangida, kullum yana zuwa ya share yadi, mu sha shayi, ya koma. Allah ya saka masa.

Kin ce za ki taho gida. Kada ki taho tukuna, surukarmu tana buƙatarki fiye da ni. Ki kuma yi wa babban ɗanmu godiya bisa saƙon da ya aiko, na karɓa ban yi musu ba, kin ga kuwa abin ya kai inda ya kai.

Ni da Auta mun koma cin abinci tare. Muna hirar famfon da ya lalace da tsadar kayan miya, ba mai ambaton kanti. Jiya na ga ta ɗinke min aljihun rigar aiki ba tare da na ce mata ya yage ba. Damina ta kankama, ki riƙa rufe gwiwar nan da dare.

Naki,
Mai Guduma

*

Zuwa ga Uwargida, abokiyar zamana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri a gare ki da duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan. Na ga hoton 'yan biyu, sun yi ɓul-ɓul, kuma duk wanda ya ce ba hancina ne da su ba, son kai ne ya hana shi gani. Ki yafe min daɗewar da na yi ban rubuto ba. Wannan karon aiki ne ya hana ni, alhamdu lillahi. Ki gyara zama, labarin da tsawo.

Bayan takardata ta ƙarshe aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kusurwar bayan kantin, wadda na ce ruwa ya ci, ta zauna, gilasai suka zubo daga rufin zuwa tsakar kantin. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Da hantsi ina zaune da Tsoho sai ga motar mai kanti a bakin yadi. Na ɗauka zagi ya kawo min, har na gyara tsayuwa. Ya sauko ya ƙi zama. Ya ce yanzu doka ta ɗora masa gyaran ginin, hukuma za ta taimaka da wani ɓangare, kuma akwai masu son kama hawa-hawan su buɗe shaguna in an gyara. Injiniyoyi sun ce kafin komai sai an tokare rufin, an sauke ruɓaɓɓiyar kusurwar a hankali ba tare da an girgiza sauran ginin ba. Na ce masa ai akwai masu wannan aiki da yawa. Sai ya dube ni ya ce, “Na ji haushinka, har yanzu ma bai gama fita ba. Amma wanda ya ƙi yin ƙarya domina, na san ba zai yi min ita ba.”

Tsoho ne ya yi godiya a madadina. Da dare na tambayi Auta ko ita ta ba da sunana, ta ce a'a, da aka zo maganar wanda za a ba a hukuma ma, fita ta yi daga ɗakin taron. Na yarda da ita, kuma hakan ya fi min daɗi.

Aikin nan ya mayar da ni ɗan koyo da furfurata. Ba katafila, ba babbar guduma. Da hannu muke cire bulo, a kankare shi, a jera a gefe, domin shi za a mayar. Gilashin da bai fashe ba a naɗe shi kamar jariri. Ni da na saba in ga ƙura ta tashi in san na yi aiki, yanzu sai mu wuni a kan abin da bai fi faɗin tabarma ba. Kuma kin san wa hukuma ta turo ta riƙa duba mu? Autarki, da hular kwano da ta yi mata yawa. A wurin aiki ba ta ce min Baba, sai Malam ɗan kwangila. Duk lokacin da ta faɗa sai Tsoho ya kama tari.

Wata rana na ɗaga guduma zan sauke wani adon filasta da ke saman ginshiƙi, ya riga ya tsage, a ganina ba abin da za a yi da shi. Sai ta tsayar da ni a gaban ma'aikata, ta ce a bari a ɗauki siffarsa tukuna. Raina ya ɓaci, na ajiye gudumar da ƙarfi na fita waje. Bayan kwana biyu mai filasta ya kawo sabon da ya zuba daga wannan siffa, ganye da ganye, ba ki bambanta shi da na asali. Da na fasa tsohon, da ba inda za a samo shi. Na kira ta a gaban mutanen da na yi fushin a gabansu, na ce ita ce da gaskiya.

Dogo ma ya dawo. Ƙurar dutse ta kama masa ƙirji. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya kasa shigowa. Na miƙa masa safar hannu na nuna masa inda ake sauke gilashi, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Abin mamaki, duk cikinmu ba wanda ya kai shi lallaɓa gilashi, da waɗannan manyan hannuwan nasa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da muka buɗe ƙananan tagogin nan na ƙarƙashin rufi. Tsatsa ta cinye makullansu, muka yi ta zuba mai muna lallashi har suka saki. Ana tsakar zafin rana, ina tsaye a kan matakala gumi ya jiƙa ni sharkaf, sai na ji iska mai sanyi ta taso daga ƙasa ta bi ta bayan wuyana ta yi sama. Ma'aikata suka daina aiki suna ɗaga kai. Na waiga na ga Auta a ƙasan matakalar, idonta ya ciko. Ashe ita ma a takarda kawai ta san abin, ba ta taɓa jin sa a jikinta ba. A hanyarmu ta komawa gida na ce mata ta yi aikinta yadda ya kamata tun daga farko, kuma ina alfahari da ita. Ta yi ta kuka har muka iso, ni kuma na yi ta faɗa da masu babur don kada ta ga fuskata.

Uwargida, na zauna na duba mutanen da suka riƙe ni a wannan shekara, na ga ban isa in biya su ba. Mai kanti da ya danne haushinsa ya zo har yadi. Tsoho da ya share wurin da ba aiki. Ɗanmu. Yarinyar nan da ta jure fushina ba ta taɓa mayar min da magana ba. Sai ke, da kike can da jarirai biyu a hannu da gwiwa mai ciwo, amma kika sami lokacin da za ki rubuto ki daidaita ni. Allah ya saka muku da alheri, ya bar mu tare.

Makon jiya aka kafa allon tagulla a jikin ƙofa, da sunan wanda ya gina kantin da shekarar da aka gina shi. Gyara bai ƙare ba, maginai sun karɓa daga hannunmu, amma an ce za a ci gaba da nemanmu, kuma akwai wani tsohon gini a bayan tasha da ake maganar a tokare.

Tunda kin ce surukarmu ta warware, ki taho gida. Ki faɗa min ranar, in zo tasha da kaina. Kafin mu wuce gida ina so mu biya ta kantin, ko da kin gaji, zan riƙe ki a matakalar. Tun da muka yi aure nake fita aiki da safe in dawo da ƙura a kai, kina wanke kayan, ba ki taɓa tambayata me na yi ba. Ko da kin tambaya, ba abin da zan nuna miki sai fili. Wannan karon akwai abin da zan kai ki ki gani, yana tsaye.

Ki gaishe da ɗanmu da matarsa, ki sumbaci 'yan biyu. Auta tana gaishe ki, ta ce ki taho da wuri kafin in ƙarasa lalata mata tukwane.

Mijinki mai jiran isowarki,
Mai Guduma